Kurakuran da ke kayar da sabon dillalin filaye a karkara

Matashin da ya fara dillancin filaye a garuruwa irin su Gezawa, Dawakin Tofa, Ringim ko Kazaure yakan ɗauka cewa aikinsa samo mai saye ne. Mai saye ba ya wuya, musamman yanzu da gari ke cinye gonakin gefensa. Abin da ke da wuya shi ne ka tabbatar fili na wanda ya ce nasa ne, kuma iyakarsa tana inda aka nuna maka. Yawancin rigingimun da ke kai dillali gaban dagaci ko kotu daga nan suke tasowa.

Mafi muni a ciki shi ne gonar gado. Babban wa zai zo ya ce: "Gonar mahaifinmu ce, ni nake noma ta, 'yan'uwa duk sun yarda." Shekara ashirin yana noma ta, amma noma ba mallaka ba ne. Muddin ba a raba gado ba, kowane magaji yana da haƙƙi a kowane taku na gonar: ƙanwar da ke aure a wani gari, ƙanin da ke ci-rani a Legas, matar mamacin da tumuninta, da marayun ɗan'uwan da ya rasu bayan uban. Idan ka sayar a kan maganar mutum ɗaya, ranar da ɗaya daga cikinsu ya kai ƙara kotun shari'ar Musulunci, cinikin na iya rushewa, kuɗin kuwa an riga an kashe shi. Saboda haka ka nemi takardar rabon gado tukuna. In babu, ka rubuta sunayen magada duka, maza da mata, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, wanda ke nesa kuma a ji ta bakinsa a waya gaban shaidu. Rabon yaro ƙarami kada ka taɓa shi sai da izinin alƙali. Matan nan su ne aka fi tsallakewa, kuma zalunci ne tun kafin ya zama matsalar ciniki.

Haka nan ka tambaya ko gonar tana hannun jingina, aro ko haya. Maƙwabtan gona ta gabas, yamma, kudu da arewa sun fi kowa sanin wannan. Ka je musu kai kaɗai, ba tare da mai sayarwa ba.

Sai maganar takarda. Sababbin dillalai da yawa suna ɗaukar sa hannun mai unguwa da hatimin dagaci a matsayin ƙarshen magana. Shaida ce mai ƙarfi, kada ka yi ciniki ba tare da ita ba, amma ba ita ce shaidar mallaka ta hukuma ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya, a yankin da aka ayyana birni kuwa gwamna ne ke ba da satifiket, wato takardar shaidar mallaka, galibi na shekara 99. Ƙauyen da ke dab da gari yana iya faɗawa cikin yankin birni alhali mutanensa ba su sani ba. Kafin kuɗi ya motsa, ka leƙa sashen filaye na ƙaramar hukuma. In ana cewa akwai satifiket, a bincika lambarsa a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, ko a ma'aikatar ƙasa da ke Dutse in a Jigawa ne. Hoton takarda a waya ba bincike ba ne.

Masu ruguguwar sayen gonaki a inda layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ya bi, da fatan cin diyya, su sani cewa a dokar, diyya tana kan abin da aka yi a ƙasa ne, kamar gini, itatuwa da amfanin gona. Kada ka yi wa mai saye alkawarin abin da ba a hannunka yake ba.

Awo ma yana cin mutane. Igiya tana miƙewa, takun ƙafa kuma na kowa daban ne. Sayi tef mai tsawon ƙafa 100. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana kusan murabba'in mita 465. Auna gefe huɗun duka, sannan ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta: ya kamata ka sami kusan ƙafa 112 ta kowane ɓangare, in sun saɓa to filin a karkace yake, kuma magini ne zai tona asirin. A kafa turakun siminti a ranar, gaban maƙwabta, domin gamba da aduwar da aka sani a matsayin iyaka ana iya tuge su cikin dare.

Idan gona za ka yanka awon igiya, kada kwaɗayi ya sa ka matse hanya. A lissafi hekta ɗaya tana ɗaukar irin wancan fuloti 21, amma bayan an fitar da hanyoyi da wurin masallaci da wuya ka wuce 16. Hanyar da ba ta kai ƙafa 30 ba, motar yashi ba za ta juya a cikinta ba, babu kuma inda kwata za ta bi.

Filin da ka gani a watan Maris ba shi ne filin Agusta ba. A yankin Haɗeja, Auyo, Miga da Ringim, wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san haka. Nemi alamar ruwa a jikin bango da kututturen itace, ka lura da baƙar ƙasa mai tsagewa da rani, ka tambayi tsofaffi inda ruwa yake kwanciya. Burtali, maƙabarta da ƙarƙashin babbar wayar lantarki kuwa ba a cinikinsu, komai arha.

La'ada a faɗe ta tun farko, a san wanda zai biya. A wurare da yawa kashi 5 cikin 100 ake bayarwa, wato naira dubu 100 a filin miliyan 2. In dillalai uku ne suka haɗu a kan fili ɗaya, a yanke rabon kowa kafin a sallama. Abin da ke kashe sunan matashi da wuri shi ne ɗora kuɗi a ɓoye: mai fili ya ce miliyan 2, kai ka faɗa wa mai saye miliyan 2 da rabi. A ƙauye mutanen biyu za su haɗu a masallacin Juma'a ko wurin ɗaurin aure, maganar kuma za ta fito. Kuɗin ciniki kada ya kwana a asusunka. Mai saye ya tura wa mai fili kai tsaye, gaban shaidu biyu daga kowane ɓangare. In an ba da kafin alƙalami, a rubuta nawa ne, ranar cikawa, da abin da zai faru in ɗaya ya fasa. Takardar ta ɗauki kwanan wata, awon fili da sunayen maƙwabta huɗu, a yi ta kwafi uku: na mai saye, na mai sayarwa, da wanda za ka adana a wurinka.