Darasi na Tara: Haske a Ɗakin Haihuwa

Naƙuda ba ta duba agogo. Sau da yawa cikin dare take tasowa, lokacin da ƙananan asibitocinmu na ƙauye suke cikin duhu. Wani wurin ba a taɓa kai wuta ba. Wani wurin akwai janareta, babu kuɗin mai. Sai ka ga ungozoma ta danne wayarta da haƙora tana haskawa, domin hannayenta biyu suna kan aiki.

Me take so ta gani? Jini ne na farko. Zubar jini bayan haihuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan, kuma da ido ake gane ya wuce kima. Sai ta shimfiɗa mabiyiya ta duba ko ta fito gaba ɗaya, don guntun da ya maƙale yakan hana mahaifa tsukewa, jini ya yi ta zuba. In mace ta ƙaru, sai an ga wurin kafin a yi ɗinki. In za a ƙara mata ruwa, sai an ga jijiya. Jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba kuwa, ƙirjinsa ake kallo a ga ko yana numfashi, kuma ba a jira. Fitilar ƙwai ba ta isa wannan aiki ba, ga hayaƙi, ga tsoron gobara.

A 2008 wata likitar mata daga Amurka, Laura Stachel, ta zo asibitin Ƙofar Gayan a Zariya. Ta ga yadda rashin wuta yake tsayar da aikin ceton masu haihuwa. Ita da mijinta Hal Aronson, masanin sola, suka haɗa kayan wuta da za su shiga akwati ɗaya, suka kafa ƙungiyar We Care Solar. A akwatin akwai batir, da fitilu, da fitilar ɗaurawa a goshi, da wurin cajin waya, da na'urar jin bugun zuciyar ɗan da ke ciki. Yau ana aiki da irinsa a ƙasashe da dama.

Aikin sola ba shi da wuya. Faranti a kan rufi yana karɓar hasken rana, batir yana ajiyewa, da dare fitila ta kama. Wuyar tana wajen riƙo. Ƙurar hunturu kan rufe faranti ya kasa caji, don haka a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin ya yi zafi. In reshen bishiya ya yi masa inuwa, a sare. Batir yana tsufa, ya kamata kwamitin lafiya ya fara tara kuɗin sabo tun na yanzu bai mutu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne cajin waya. Ranar kasuwa mutane sukan jera wayoyi a asibiti, kafin magariba batir ya yi ƙasa. Ungozoma 'yar gari ce, tana jin nauyin hana dattijo. Mai unguwa ne ya dace ya sauke mata wannan nauyi. Ta same shi ta ce, "Baba, wutar nan ta masu haihuwa ce." Shi kuma ya sa a yi sanarwa a masallaci da wajen suna: waya ɗaya ake caji a asibiti, wadda za a kira mota da ita in haihuwa ta gagara.

Aikin yi

Ku rubuta waɗannan kalmomi a littafinku: naƙuda, mabiyiya, faranti, batir, kwamiti.

Kafin darasi na gaba, mutum biyu su je asibitin da ya fi kusa bayan sallar isha'i. Su tambayi mai aikin dare da me take haskawa, wa yake goge faranti, kuma lambar wane direba ce a wayar asibiti.