Yadda na rabu da gyambon fatar maraina

Abu ne mai kunyar faɗi amma bari in rubuta ko wani zai amfana. Gyambo ne zagayayye a fatar maraina, yana farawa da ƙaiƙayi da zafi, ya yi ƙurji mai ruwa, ya fashe, in ya warke ya bar baƙin tabo, bayan wata da watanni ya dawo daidai wurin nan dai.

Na sha sassaƙe don an ce basir ne, shiru. Wani likitan fata nan Yamai ya sa aka ɗibi jinina aka yi TPHA da VDRL na tunjere, da na sida da sukari, duka lafiya. Ya tambaye ni ko bakina na yawan yin gyambo ko idona na ja, saboda akwai ciwon Behçet mai kama baki da gaba tare, na ce a'a. Harpes kuma, wani ciwon da shi ma ke fitowa a gaba, ya ce ƙananan ƙuraje yake fitowa a cunkushe, ba irin nawa ba.

Sai ya ce, malam wane magani kake sha kafin ya fito? Nan ne fa asiri ya tonu. Kotrimokzazol, wanda muke cewa Bactrim, duk zawo ya kama ni shi nake saye wajen masu tebur, kafin kwana guda ciwon ya taso.

Ya ce in bar shi har abada, in yi hattara da Fansidar, maganin zazzaɓin cizon sauro, shi ma don danginsu ɗaya. Wanki da ruwan gishiri na farmasi safe da yamma, in bar wurin ya bushe, man betametazon kaɗan na ɗan lokaci, wando na auduga sakakke. Ya rubuta sunan Bactrim ɗin a karnena na asibiti don in nuna duk inda na je.

Tun daga nan bai dawo ba, tabon ne kawai ya rage. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa likitan nan.