Yadda Ake Haɗa Fentin Ruwa da Zanen Kwamfuta a Bangon Littafi

Yawancin masu koyo da na ga sun gwada haɗa zanen hannu da aikin kwamfuta sun iya fenti daidai gwargwado, kuma manhaja ba ta gagare su ba. Inda aikinsu yake lalacewa shi ne tsakanin biyun, lokacin da takarda za ta shiga kwamfuta. Mutum zai ɓata kwanaki a kan zane mai kyau, sannan ya ɗauki hotonsa da waya a ƙarƙashin ƙwan lantarkin ɗaki, ya tura wa kansa ta WhatsApp, ya buɗe ya tarar farin takarda ya koma ruwan toka, shuɗi ya dushe, daga nan kuma ya dinga gyara har ya shafe duk wata alamar buroshi. Zan ɗauki misalin bangon littafi mai girman A5, wato milimita 148 a faɗi da 210 a tsawo, kuma na ɗauka mai karatu ya riga ya san riƙon buroshi da haɗa launi, don haka ba zan tsaya a kansu ba.

Mataki na farko shi ne rabon aiki, kuma ana yin sa ne tun kafin a jiƙa buroshi. Hannu shi ke da sararin sama da ƙasa da tufafi da duk wurin da ake son launi ya malala ya bar gefe mai taushi, domin kwamfuta kwaikwayon wannan kawai take yi. Kwamfuta kuwa ita ke da rubutu da miƙaƙƙun layuka da gyaran ido ko yatsa da sauya wurin abu. Kada a taɓa rubuta sunan littafi da fenti a jikin zanen, domin marubuci yakan canza suna ana gobe za a kai maɗaba'a. Haka kuma a raba zanen kashi-kashi: bayan fage a takarda ɗaya, mutum ko dokin da ke gaba a wata, layin tawada idan akwai shi a ta uku. Takarda za ta ƙara tafiya, amma ranar da aka ce a matsar da mutumin zuwa dama don suna ya samu wuri, aikin minti ɗaya ne.

Mataki na biyu shi ne fentin kansa. A nemi takardar fentin ruwa mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, domin wadda ba ta kai haka ba takan kumbura ta yi tudu da kwari da zarar ta sha ruwa, kuma wannan kumburin zai dawo ya zama matsala a kan sikana, wato na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ta shigar da shi kwamfuta. Takardun auduga irin na Arches da Fabriano sun fi riƙe ruwa, sai dai tsadarsu ba ta mai koyo ba ce, kuma ta Canson mai sauƙin kuɗi ta isa a yi bango da ita. Kwalin da ɗalibai ke saye a shagon littattafai ne dai ba zai yi ba. Ni mai santsi nake zaɓa a kan mai kaushi, kuma dalilin zai fito a mataki na gaba. A yi zanen a takarda mai girman A4 duk da cewa A5 za a buga, saboda rage girma yana matse layi ya ɓoye rawar hannu, amma kada a wuce A4, domin iyakar gilashin yawancin sikanonin gida ke nan. Fenti ya zarce iyakar bangon ta kowane gefe, tunda maɗaba'a na buƙatar rarar milimita 3 da wuƙa za ta yanke. Bayan wannan rarar a bar farin gefe wanda fenti bai taɓa ba, a ɗiga masa ɗan kowane launi da aka yi amfani da shi, har da baƙi, domin su ne ma'aunin da za a gyara launi da shi daga baya.

Fentin ruwa yana yin haske idan ya bushe, sikana kuma tana ƙara cinye launuka marasa ƙarfi, musamman rawaya mai ruwa-ruwa da ruwan hoda, saboda haka a ɗan ƙara musu ƙarfi fiye da yadda ido ke so. A guji fenti mai ƙyalli irin na zinariya da mai walƙiya, domin sikana ba ta ɗaukar su yadda suke. A lokacin hunturu ruwa na bushewa kafin a kai ƙarshen sararin sama, sai a jiƙa wurin da ruwa zalla tukuna a haɗa launi mai yawa a ajiye. Idan an gama, a ɗan shafa ruwa a bayan takardar, a sa ta tsakanin fararen takardu biyu, a danne da manyan littattafai ta kwana.

Mataki na uku, wato shigar da zanen kwamfuta, shi ne wanda ya cancanci a ba shi lokaci fiye da kowanne. A fara da goge gilashin sikana da ƙyalle mai laushi, domin ƙurar da ido bai gani ba za ta fito ɗigo-ɗigo a kan fuskar mutumin da aka zana. Sannan a shiga saitin sikanar a kashe duk wani gyaran da take yi da kanta, na launi da na haske da na kaifafa hoto. An yi waɗannan ne domin takardun ofis, aikinsu shi ne su mayar da takarda fara fat su mayar da rubutu baƙi ƙirin, kuma abin da ke tsakanin fari da baƙi shi ne ainihin fentin ruwa. Maɗaba'a na neman dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci na hoto, amma a ɗauka a 600, a adana a matsayin TIFF ko PNG, nau'o'in fayil ɗin hoto da ba sa rage inganci. Fayil ɗin A4 a wannan saiti yakan kai megabayit 100, kuma hakan daidai ne. JPEG yana zubar da wani abu daga hoton duk lokacin da aka sake adana shi, don haka ba shi da wuri a nan sai a ƙarshe, wajen nuna wa mai littafi samfuri.

Sikanonin gida iri biyu ne. Sirara masu arha, irin jerin LiDE na Canon, suna ganin abin da ya manne da gilashi ne kawai, ta yadda duk inda takarda ta ɗan ɗaga zai fito dishi-dishi. Masu kauri irin Epson V600 suna haƙuri da ɗan tazara. Wanda ke da siririya ba sai ya sayi wata ba, ya ɗora littafi mai nauyi a bayan takardar ya danna da tafin hannu yayin da fitilar ke wucewa. Wata matsalar kuma ita ce fitilar sikana daga gefe ɗaya take haskawa, sai kowane ƙurjin takarda mai kaushi ya yi inuwa, hoton ya fito kamar an watsa masa yashi. Maganinta shi ne a ɗauka sau biyu, na biyun bayan an juya takardar kanta ya koma ƙasa, sannan a manhaja a juyo na biyun, a ɗora shi daidai a kan na farkon, a rage ƙarfinsa zuwa kashi 50 cikin 100. Inuwar wannan za ta faɗa kan hasken wancan su kashe juna. Daidaita su yana cin lokaci, shi ya sa na ce a zaɓi takarda mai santsi tun farko.

Wanda ba shi da sikana zai je shagon da ake buga takardu, kuma a nan sai ya tsaya a kan aikinsa, domin mai shagon ya saba da takardun makaranta, zai ɗauka da ƙaramin saiti ya mayar PDF kafin a ce masa komai. A faɗa masa 600 da TIFF, a tafi da filashi. Idan waya ce kaɗai mafita, a fita waje a inuwa da hantsi, a shimfiɗa zanen a ƙasa, a riƙe wayar sambal a samansa ba tare da karkata ba, a kashe fitilarta, a ɗan ja baya don kada gefuna su lanƙwashe. Wajen turawa kuma a yi amfani da kebul, ko a aika a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse duk abin da aka aika a matsayin hoto.

Mataki na huɗu shi ne tsaftacewa, kuma a nan ne hannu ya kamata ya yi sanyi. A ajiye ainihin fayil ɗin gefe, a yi aiki a kan kwafi. A manhajar gyaran hoto a buɗe Levels, wato wurin daidaita haske da duhu, a ɗauki abin zaɓen fari, a taɓa farin gefen nan da aka bari, sai takarda ta koma fara, launukan kuma su gyaru tare da ita. Daga nan a duba wuraren da fenti ya fi rauni, kamar gefen gajimare ko hasken goshi. Idan sun ɓace, an wuce gona da iri, sai a ja baya ko da takardar za ta rage ɗan duhu. A jingina ainihin zanen kusa da allon kwamfuta da rana, a rage hasken allon, a kwatanta ɗigon launukan gefe ɗaya bayan ɗaya.

Kuskuren da na fi gani shi ne yanke mutum daga takardarsa da magogi ko da abin zaɓe mai aiki da kansa, wanda ke cinye gefen nan mai taushi ya bar shi kamar an yanka da almakashi. Hanyar da ta dace ita ce a ɗora shi a leyarsa, wato shimfiɗarsa ta daban a manhaja, a saman bayan fage, a sauya yanayin leyar zuwa Multiply, sai farin takarda ya ɓace fenti ya zauna. Nan take za a ga bayan fage yana leƙowa ta cikin rigarsa, kuma wannan ne ke firgita masu koyo su koma ga magogi. Abin yi shi ne a buɗe sabuwar leya a ƙarƙashin mutumin, a cike siffarsa da fari, a tsaya ɗan kaɗan kafin a kai bakin layi, yadda gefen zai narke cikin abin da ke bayansa.

Mataki na biyar shi ne zanen kwamfutar. Cikin manhajojin zane, Krita kyauta ce kuma ta isa, Procreate sai a iPad, Photoshop kuma biyan kuɗinsa ba ya ƙarewa. Ƙaramin allon zane da ake haɗawa da kwamfuta, na Wacom ko Huion, ya wadatar. Kowane launi a tsinko shi daga jikin fentin da aka ɗauka, domin launin da aka zaɓo daga manhaja yakan fi na takarda kaifi, ido kuma yana gane baƙo nan da nan. A yi amfani da buroshi mai ɗan kaushi, kuma kada a zuƙo hoton fiye da kashi 100, domin wanda ya zuƙo sosai zai yini yana gyaran abin da ba zai fito a bugu ba. Tabon da ruwa ya bari da wurin da launi ya taru a gefe a bar su, saboda su aka yi wahalar fenti. A ƙarshe a ɗauki hoton farar takarda irin wadda aka yi zanen a kai, a ɗora ta a saman komai da Multiply mai rauni, don sassan kwamfuta su sami ƙwayar takarda iri ɗaya da sauran.

Saura bugu. A ajiye kwafi mai leyoyi, a mayar da wani zuwa CMYK, wato tsarin launin tawadar maɗaba'a, a sa ran shuɗi mai haske da kore shar za su ɗan mutu. Ƙananan rubutu su zama baƙin tawada ɗaya zalla. A tabbatar salon rubutun da aka zaɓa yana da ƙ da ɗ da ɓ, domin da yawa ba su da su, kuma a mayar da haruffan su zama zane kafin a fitar da PDF don kada kwamfutar maɗaba'a ta musanya shi. A nemi su buga gwaji ɗaya a kan ainihin kwalin da za a yi bangon da shi, a duba shi a hasken rana kafin a ba su izinin buga sauran.