Tseren bigil a Kaduna: kurakuran da masu farawa suka fi yi

Ranar da na fara sakin karena bigil a filin tsere, bai kai rabin hanya ba ya yi kwana ya nufi gindin wata bishiya inda wani ya yar da takardar tsire. Ina ta kira, abokai suna ta dariya, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba. Laifina ne. Na ɗauka kare irin doki ne, ka nuna masa fili ya zuba a guje, irin sukuwar da muka saba gani a Dandalin Murtala.

Wannan shi ne uban kurakurai, sauran duk 'ya'yansa ne. Bigil kare ne da aka samar a Ingila don farautar zomo, kuma da hanci yake farauta. Dogayen karnukan nan masu siririn ciki da Turawa ke tsere da su, da ido suke bin abu, suna kai wajen kilomita 70 a awa. Bigil gajere ne, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 33 zuwa 40, kuma ko rabin wannan gudun da kyar yake yi. Saboda hancin nasa ne hukumomin Amurka suke sa shi shinshina jakunkunan matafiya a filayen jirgin sama. To, kare irin wannan in ka kaɗa masa tsumma daga nesa ka ce ya biyo, ka ɓata wa kanka lokaci. Shimfiɗa masa hanyar ƙanshi za ka yi: jiƙa tsumma da romon hanta, ɗaure shi da igiya, ja shi a ƙasa daga mafari har ƙarshe, sannan ka ajiye masa ladansa, ɗan abin ci, a can. Kafin nan kuma a zagaya filin a tsince ƙashi da ledar abinci, don duk wani wari da ya fi naka ƙarfi shi zai ci tseren. Kada a yi amfani da zomo mai rai ko mage. Zalunci ne, kuma karen da ya ɗanɗana hakan ba zai bar kajin maƙwabta su sha iska ba.

Sai tsawon fili. Masu farawa kan auna filin ƙwallo gaba ɗaya, wani ma har zagaye biyu. Mita 20 ta isa a makon farko, a riƙa ƙarawa har a kai 50 ko 80. Mutum ɗaya ya riƙe karen a mafari, mai shi ya tsaya a ƙarshe yana kira. In kare bai iya amsa kira a tsakar gida ba, ba zai koya ranar tsere ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma fili ya zama mai katanga ko shinge. Bigil in ya kama wari ya kurmance, har titi zai tsallaka kansa a ƙasa.

Kuskuren da ke kashe kare shi ne rana. Mu jikinmu duka yana gumi, kare kuwa haki ne babbar hanyar da yake sauke zafi, sai ɗan gumin tafin ƙafa. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 rai yana cikin haɗari. Wanda ya san Kaduna a watan Maris da Afrilu ya san ƙarfe goma na safe ma rana ta riga ta buɗe. A bazara a yi tsere da sanyin safiya, a tashi kafin takwas. Lokacin hunturu ya fi sauƙi, sai dai in ƙura ta yi yawa a ɗaga. Ɗora bayan hannunka a kan kwalta ko yashi. In ba ka iya jurewa daƙiƙa biyar ba, tafin karenka ma ba zai jure ba. In ka ga haki ya wuce misali, yawu yana dalala, dasashi ya yi jawur, yana tangaɗi, maza a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a nufi likitan dabbobi ko da ya nuna ya farfaɗo. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, zafin yake riƙewa.

Ƙasar ma a dube ta. Tsidau da ƙarangiya da fasassun kwalabe sun cika filayenmu. Ni kan taka filin da silifas mai siririn ƙasa kafin in saki kare, abin da ya soke ni zai soke shi.

Akwai masu ɗoki da kan kawo kwikwiyo ɗan wata huɗu, wai karen bana maganin zomon bana. A nan karin maganar ba ta yi aiki ba. Ƙashinsa bai gama ƙwari ba sai ya doshi shekara guda, gudu mai tsanani kafin nan yana iya taɓa gaɓoɓinsa. A bar shi ya yi wasa yana bin ƙanshi a gida. Karya mai zafin barbara ma a bar ta gida, in ba haka ba tsere ya koma kokawa.

Batun ci kuwa, bigil ba ya ƙoshi. Da ido zai yi ta maka magiya har ka tausaya, kafin ka ankara karen da ya kamata ya tsaya a kilo 10 ko 11 ya zama tulu. Shafa gefensa, in ba ka jin haƙarƙari, rage kwano. Kada a cika masa ciki gab da gudu, a bar tazarar awa biyu. Lada kuma ƴar hanta dafaffiya ce kamar ƙwayar gyaɗa. Tsire da kilishi ba nasa ba ne, albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, cakulan ma guba ce gare shi. Haka in ya dawo yana ɗingishi, kada a ɓallo masa farasitamol ko maganin ciwon jikin mutane, suna iya illata masa hanta da ƙoda.

Wani sakacin shi ne tara karnuka ba tare da an tambayi katin allura ba, don ana jin nauyin juna. Nauyi ba ya maganin ciwon haukan kare, wanda in alamunsa suka bayyana kusan babu tsira, ga kare ko ga mutum. Rigakafin yana nan, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana haɗa shi, likitocin dabbobi a cikin gari suna yi, ga kuma asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A haɗa da allurar ciwon gudawar jini da ke kashe ƴan kwikwiyo. Da damina a duba kaska bayan kowane fita, musamman tsakanin yatsu da cikin dogayen kunnuwan nan, waɗanda ke riƙe danshi har su yi wari in ba a goge su.

Sannan mutane. Da yawa a garin nan ba sa son kare ya kusance su, balle ya lashi rigar da za su yi salla da ita, kuma haƙƙinsu ne. Bigil ga shi da kururuwa mai nisa. A nemi izinin mai fili, a nisanci masallaci da coci da hanyar ƴan makaranta, igiya a wuya har sai an shiga shinge, a kwashe kashi a leda. Kuɗi kuma kada su shigo. Da an ce “na sa dubu biyu a kan nawa” an koma caca, sai a fara dukan kare don ya zo na uku. A wajenmu wanda ya ci, hanta biyu yake samu maimakon ɗaya, mai shi kuma shi zai sayi shayin kowa.