Yadda na ɗaga allon silin ni kaɗai

Allon jifsam (allon filasta da aka lulluɓe da takarda) mai tsawon mita 2.4 da faɗin 1.2 ya haura kilo 20, ga lanƙwashewa. Na farkon da na ɗora a ka tsagewa ya yi, wuyana kuma ya kwana yana ciwo.

Sai na haɗa katako biyu siffar T. Tsawon ƙafar daga ƙasa har katakon rufi, ban rage kaurin allon ba, don ta cije. Na naɗe kan da tsohon kafet kada ya ƙuje takardar allon. A bango na kafa wani katako ƙasa kaɗan da rufi, na ɗora gefe ɗaya na allon a kai, na tokare ɗayan da katakon T ɗin, na shuri gindinsa har ya tsaya ƙyam. Hannuwana suka sarara, na bi da sukuru.