Wane Wata Ya Fi Dacewa Ka Kashe Makin Jirginka Zuwa Zanzibar Ko Maldives?

Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Guangzhou, ko mai zuwa Umra duk shekara, yakan tara maki a asusun kamfanin jirgi bai ma lura ba. Qatar Airways na kiran nasa Avios, Ethiopian kuma ShebaMiles. In makin ya isa ya kai ka tsibiri kai da iyali, abin da zai raba hutu mai daɗi da asara shi ne watan da ka zaɓa. Kalanda uku za ka jera a gabanka: ta damina a can tsibirin, ta kujerun da kamfani ke warewa masu maki, sai taka ta gida.

Fara da ruwan sama. Zanzibar damina biyu gare ta. Babbar, wadda suke kira masika, tana kamawa daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu, kuma Afrilu ne tsakiyarta: a wuni ana tafkawa, wasu otal-otal na bakin teku ma rufewa suke yi don gyare-gyare. Ƙaramar, vuli, tana zuwa Nuwamba zuwa Disamba, ta zuba awa ɗaya ko biyu rana ta fito. Yuni zuwa Oktoba rani ne mai sanyi-sanyi da iskar kudu, Janairu da Fabrairu kuwa zafi ne da gumi. A Maldives rani Disamba ne zuwa Afrilu, daga Mayu zuwa wajen Nuwamba iskar damina ke kaɗawa, teku ya yi ta tumbatsa. Kwana biyar na hutu a Maldives cikin Yuni caca ce.

Matsalar ita ce duk duniya ta san wannan. Kamfani ba ya sayar da kowace kujera da maki. 'Yan kaɗan yake warewa a kowane jirgi, kuma in ya ga masu kuɗi a hannu za su cika jirgin sai ya rage su ko ya tsuga farashi. Daga kusan 20 ga Disamba zuwa makon farko na Janairu, da Yuli zuwa Agusta lokacin hutun makarantun Turai, kujerar maki zuwa waɗannan tsibirai sai an tona. In ma ka samu, sau da yawa ta farashi mai tsada ce wadda kan kusan ninka makin.

Saboda haka nemi gefen lokacin, ba tsakiyarsa ba. Zanzibar: tsakiyar Yuni, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Maldives: bayan tsakiyar Janairu zuwa Maris, ko makonni biyun farko na Disamba kafin Turawa su kwararo, sai dai ka kauce wa makon Ista. Wannan zaɓin yana taimakon aljihu ta wata fuskar da mutane ke mantawa: maki kuɗin jirgi kawai yake ɗauke maka. Otal daga aljihunka ne, kuma ɗakin da ka gani da araha a Oktoba ba haka za ka same shi daren sabuwar shekara ba.

Yawancin kamfanoni na buɗe sayar da tikiti kamar wata goma sha ɗaya kafin tafiya, kuma a lokacin ne ake samun kujeru uku ko huɗu a jirgi guda. Wasu kujerun kan sake fitowa mako biyu kafin tashi, amma wannan na mai tafiya shi kaɗai ne, ba na mai mata da 'ya'ya ba. In za ka bincika, raba tafiyar gida biyu: duba Kano zuwa Doha daban, Doha zuwa Male, babban birnin Maldives, daban; ko Kano zuwa Addis Ababa, sannan Addis zuwa Zanzibar. Nan za ka gane wace ƙafa ce ta toshe. Sau da yawa ta gida ce, kuma tashi daga Abuja ko Legas, ko matsar da ranar zuwa Talata ko Laraba, yakan warware ta.

A nan kalandarmu take shigowa. Azumi na matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, don haka watan da ya yi maka daidai bana yana iya faɗawa cikin Ramadan baɗi. Goman ƙarshe masu Umra sun cika jiragen da ke barin Kano. Tsibiran biyu kuma na Musulmi ne. Da rana cikin azumi za ka tarar da gidajen abinci da yawa a tsohon garin Zanzibar a rufe. Ga mai azumi wannan ba damuwa ba ce, amma yara ƙanana da yawon bakin teku cikin rana wani lissafin ne.

Ganin wata ma yana da amfani a nan. A gabashin Zanzibar, wajen Paje da Jambiani, teku kan janye da nisa sosai sau biyu a rana, ya bar fili fetal inda mata ke tsugune suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyi. Janyewar ta fi tsanani a kwanakin tsayuwar wata da daren sha huɗu. Mai son iyo a kowane lokaci ya nufi Nungwi ko Kendwa a arewa.

Kafin ka danna biya, yi ɗan lissafi. Haraji da kuɗin da kamfani ke ɗorawa da kati za ka biya su, ba da maki ba. Cire su daga farashin tikitin kuɗi, abin da ya rage shi ne ainihin abin da makinka ya saya. A misali, tikitin dala 900 da za ka biya wa harajin dala 300, dala 600 kawai makin ya tanadar maka. In kamfani na rangwame a watan, biya kuɗi ka adana makin, amma duba ranar da zai mutu.

Takardu su ma suna yanke lokaci. Maldives na ba da bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi. Tanzaniya kuwa, ƙasar da Zanzibar ke cikinta, ba ta ba mai fasfon Najeriya biza a filin jirgi. Sai an nema tun da wuri an jira amincewa, don haka ba wa kanka aƙalla wata biyu. Tun Oktoba 2024 Zanzibar na wajabta wa baƙi inshorarta ta dala 44. Katin rigakafin cutar shawara kuma ya kasance cikin fasfo a duka biyun.

Sai ka duba ƙarfe nawa jirginka zai sauka Male. Ƙananan jiragen da ke sauka a kan ruwa, masu kai mutane tsibirai masu nisa, da rana kawai suke tashi. In kujerar makin da ka samu ta saukar yamma ce, ƙara kuɗin kwana ɗaya a Hulhumale, tsibirin da ke kusa da filin jirgin, cikin lissafinka, ko ka zaɓi tsibiri na kusa irin Maafushi da kwale-kwale mai inji ke kaiwa.