Yadda Ake Gyara Wasan Ches na Gaba da Gaba ta Hanyar Wasan Kwanaki a Intanet

Akwai ches ɗin da ba a gama shi a zama ɗaya. Ka yi takunka yau, abokin karawarka ya amsa gobe ko jibi, wasa ɗaya ya ɗauki makonni. A da ta gidan waya ake aika takun a kati, shi ya sa ake kiransa ches na wasiƙa. Yanzu shafukan intanet na Lichess da Chess.com suna ba da shi kyauta, ka zaɓi daga kwana 1 zuwa 14 a kan kowane taku. Paul Keres na ƙasar Estoniya da ɗaruruwan irin waɗannan wasanni ya goge yana saurayi a shekarun 1930, kafin ya shiga sahun manyan 'yan wasan duniya. Sai dai ribar ba ta zuwa da kanta, ta danganta ga yadda ka buga.

1. Zaɓi inda mutum ke karawa da mutum. Hukumar ches na wasiƙa ta duniya, ICCF, wadda aka kafa a 1951, ta yarda a yi amfani da manhajar lissafin taku irin su Stockfish, don haka yawancin manyan wasanninta kunnen doki ake tashi. Ba wannan kake nema ba. A Lichess da Chess.com an hana manhajar, amma an yarda ka duba littattafai da rumbun tsofaffin wasanni a farkon wasa.

2. Kada ka tara wasanni. Uku ko huɗu sun isa, kwana 3 a kowane taku. Mai wasa 30 a lokaci guda a tsaitsaye yake bugawa, yana cikin mota ko layin banki, kuma gaggawar da ya zo magancewa ita yake ƙara koyo.

3. Jera wasan a kan allo na gaske, ka ɗaure hannunka. A nan duk maganar take. Shafukan nan suna ba ka allon gwaji inda za ka riƙa tura 'ya'yan wasa gaba da baya har ka ga abin da ya yi maka. Daɗi gare shi, amma a zauren gasa babu shi. Can doka ita ce abin da ka taɓa da niyya shi za ka motsa, kuma duk lissafi a ka ake yin sa. Wanda ya saba da allon gwaji, ranar da ya zauna gaban mutum sai ya ga bai iya hango taku uku ba.

Saboda haka ka ɗauko allonka na katako ko na roba, ka jera matsayin yadda yake, ka sa agogo na minti 10 ko 15. Kada ka taɓa komai. Fara da tambayar me takun da abokin karawarka ya yi yake nufi, wace barazana ya kawo. Sannan ka fitar da taku biyu ko uku da za su yiwu, ka bi kowanne a zuci: in na kai doki nan, abokin karawa zai sa sarauniyarsa ta ci sojana, to ni da me zan rama? Rubuta abin da ka gani a littafi, har da takun da ka zaɓa. Bayan nan ne kawai za ka motsa 'ya'yan ka gwada. Sau da yawa za ka tarar ka manta cewa sojan da ka tura a lissafinka ya bar wata hanya a buɗe, ko kana ganin doki a gidan da ya riga ya bari. Irin wannan kuskuren ne ke kayar da mutum a gasa, kuma ga shi ka kama shi a rubuce.

Allo na gaske kuma yana da nasa amfanin daban. Idon da ya saba da hoton waya a shimfiɗe yakan rikice in ya ga 'ya'ya a tsaye suna kare juna.

4. Buga mabuɗin da za ka buga a gasa, wato jerin takun farkon wasa. Tunda an yarda ka duba littafi, ka bi shi, amma a kowane taku ka fara cankar abin da littafin zai ce kafin ka buɗe. Inda littafin ya ƙare ka tsaya ka rubuta shirinka da jimla ɗaya, misali za ka kai hari ta ɓangaren sarki, ko za ka yi musayar 'ya'ya ka nufi ƙarshen wasa.

5. Kafin ka aika, duba sau ɗaya. Wane kisa ko barazana ga sarki abokin karawarka zai iya yi nan take? Ka mayar da wannan al'ada, don ita ce mafi saurin bin ka zuwa zauren gasa.

6. In wasa ya ƙare, sai a kira Stockfish. Kwatanta hukuncinsa da abin da ka rubuta a littafinka, ka ga ko takun ne bai zo maka a rai ba sam, ko ya zo ka lissafa shi ba daidai ba. Maganinsu daban: na farko yana son kallon wasannin gwanaye, na biyu yana son atisayen lissafi.

Abu ɗaya da wasan kwanaki ba zai koya maka ba shi ne zama da agogo yana cin lokacinka, mutum na kallonka. Don haka ko sau ɗaya a mako ka nemi abokin karawa ku zauna gaba da gaba, minti 30 kowa ko fiye, kana rubuta takunka kamar yadda ake yi a gasa.